Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Ina Manufarmu Ta Makamashi Mai Sabuntuwa Ta Kwana?

Hausawa suna da wata karin magana da sukan yi wa wanda yake zaune a cikin wadata amma bai ci moriyarta ba, su ce, "Ga ƙoshi ga kwanan yunwa." Tun ranar da aka koya mana ita a aji, ban ga inda ta fi dacewa ba kamar a kan ƙasarmu Nijeriya da sha'anin wutar lantarki. Allah ya hore mana man fetur da iskar gas a ƙarƙashin ƙasa, ya ba mu manyan koguna irin su Kwara da Binuwai, sannan ya ba mu rana wadda take dukanmu tun hantsi har la'asar, kusan kowace rana ta shekara. Amma duk da wannan baiwa, a shekarar 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 85, wato kashi 43 cikin ɗari, ba su da wutar lantarki ta babban layin ƙasa. Waɗanda aka ja wa waya ma ba su tsira ba, domin abin da ake rarrabawa a faɗin ƙasar nan yawanci bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga al'ummar da ta haura mutum miliyan 200.

Abin da nake so in yi tsokaci a kansa a wannan 'yar maƙala shi ne manufar gwamnati game da makamashi mai sabuntuwa, wato wanda ake samu daga hasken rana da iska da gudun ruwa, abubuwan da ba sa ƙarewa don an yi amfani da su. Ni ba injiniya ba ne, ɗalibin harshe ne kamar sauran 'yan'uwana masu karanta wannan mujalla. Sai dai na tashi a yankin da ake haƙo fetur, kuma da cinikin kifin ƙanƙara ake biya mini kuɗin makaranta, saboda haka maganar wuta a wurina magana ce ta tuwon gida. Abin da na fahimta shi ne, Nijeriya ba ta rasa rubutacciyar manufa ba. Matsalar ita ce manufar tana Abuja a cikin Turanci, masu bukatarta kuwa suna kasuwa da ƙauye, kuma har yau ba su haɗu ba.

Yadda fetur ya zama uwa ya zama uba

A shekarar 1956 aka gano man fetur a garin Oloibiri, wanda yanzu yake cikin Jihar Bayelsa, aka kuma fara fitar da shi waje a 1958. Kafin wannan lokaci, da noma ƙasar take riƙe kanta: gyaɗa da auduga daga Arewa, koko daga Yamma, manja daga Gabas. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a shekarun 1970, sai aka juya wa gona baya, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Daga nan aka shafe shekara da shekaru kusan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin da ƙasar take samu daga kayan da take sayarwa waje daga fetur da gas suke fitowa.

Abin lura a nan shi ne, makamashi mai sabuntuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. An kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, mai ƙarfin megawat 760. Ta Jebba ta biyo baya a 1985, ta Shiroro a 1990, sai ta Zungeru mai megawat 700 da aka gama a 2023. Ke nan kakanninmu sun ga wutar da ruwa ya haifa tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Amma sannu a hankali gas ya mamaye harkar, har ya zama fiye da kashi 70 cikin ɗari na wutar babban layi daga tashoshin gas take zuwa. Inda babban layi ya gaza kuwa, sai kowa ya zama hukumar wutar kansa, ya sayi janareta. Ƙaramin cikinsu ma har laƙabi gare shi a Turancin buroka, wanda ma'anarsa ita ce "na fi maƙwabcina".

A ƙauyenmu da ke kusa da Ughelli a Jihar Delta, dare ba ya yin duhu sosai, domin akwai wani bututu da yake ƙona iskar gas dare da rana, harshen wutarsa yana haska sararin sama. Mata sukan kai wani abincin rogo da muke kira kpokpo gari kusa da shi su shanya, don zafin wurin yana busar da shi da wuri. Mu kuwa yara a ƙarƙashin wannan jan haske muke kunna fitilar ƙwai mu yi karatun jarrabawa. Da na girma ne na san cewa tun 1979 aka yi dokar hana ƙona gas ɗin a banza, aka sa shekarar 1984 a matsayin wa'adi. An haife ni bayan wa'adin ya wuce da shekaru masu yawa, na kuma tarar da wutar tana ci. Wannan ne ya fara koya mini cewa doka a takarda daban, abin da ido yake gani daban.

Takardun da aka rubuta

Duk wanda ya ce gwamnatocin Nijeriya ba su yi tunani a kan wannan batu ba, bai yi musu adalci ba. An kafa Hukumar Makamashi ta Nijeriya da dokar 1979, kuma a ƙarƙashinta akwai cibiyoyin bincike a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, waɗanda suka daɗe suna aiki a kan hasken rana. A 2003 aka amince da Manufar Makamashi ta Ƙasa. A 2005 aka fitar da babban kundin tsarin makamashi mai sabuntuwa, a shekarar ce kuma aka yi dokar sake fasalin harkar lantarki, wadda ta haifar da Hukumar Samar da Wuta a Karkara. A watan Afrilu na 2015 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufa ta musamman a kan makamashi mai sabuntuwa da tattalin makamashi. A 2016 aka zo da burin da ake kira 30:30:30, wato a samar da megawat 30,000 kafin shekarar 2030, kashi 30 cikin ɗari daga makamashi mai sabuntuwa. A watan Nuwamba na 2021, a taron sauyin yanayi na birnin Glasgow, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da Nijeriya take fitarwa ba zai wuce wanda take iya shafewa ba. A watan Agusta na 2022 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da shirin da zai kai ƙasar ga wannan buri.

To, mu duba ɗaya ɓangaren. A watan Yuli na 2016 gwamnati ta rattaba hannu da kamfanoni 14 a kan su gina manyan tashoshin sola masu jimillar megawat 1,125, yawancinsu a jihohin Arewa. Daga baya gardama ta kaure a kan farashin da za a sayi wutar da kuma lamunin da gwamnati za ta tsaya musu, har shekara biyar ta wuce ba a ga ko ɗaya ta fara ba da wuta ba. Tashar iska ta Lambar Rimi a Jihar Katsina, mai megawat 10 kacal, ta ci fiye da shekara goma ana aikinta. Madatsar Mambila ta Jihar Taraba, wadda aka tsara za ta ba da megawat 3,050, an fi shekara arba'in ana maganarta, ba a gina ta ba.

Gwamnati mai zuciya biyu

Na daɗe ina tambayar kaina dalilin da ya sa rubutu yake da sauƙi haka, cikawa kuma take da wuya. Amsar da na samu tana cikin baitulmali. Kowane wata wakilan gwamnatin tarayya da na jihohi 36 sukan zauna su raba kuɗin asusun tarayya, kuma shekaru da dama kuɗin mai ne ƙashin bayan wannan rabo. Daga nan albashin malami da na ɗan sanda yake fitowa. Rana kuwa ba ta zuba ko kwabo a wannan asusu. Idan mutum ya kafa sola a rufin ɗakinsa, shi da iyalinsa ne suke cin riba, ba a kai komai teburin rabo. Saboda haka duk gwamnatin da ta hau, bakinta yana kan hasken rana, idonta yana kan rijiyar mai.

Shekarar 2021 kaɗai ta isa misali. A watan Maris aka ayyana shekaru goma masu zuwa a matsayin na bunƙasa iskar gas. A watan Agusta aka sa hannu a kan Dokar Masana'antar Man Fetur, wadda ta ware kashi 30 cikin ɗari na wata riba ta kamfanin NNPC domin neman sabon mai a yankunan da ba a fara haƙa ba. Wata uku bayan haka aka je Glasgow aka yi alƙawarin 2060. A watan Nuwamba na 2022 kuma Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe.

Ba na cewa masu kare gas ba su da hujja. Sukan ce ƙasashen da suka ci gaba da kwal da fetur suka gina masana'antunsu, don haka ba daidai ba ne a hana matalauciyar ƙasa taɓa abin da Allah ya ba ta. Sukan kuma ce gara a dafa abinci da gas a kan a ci gaba da sare dazuzzuka, kuma manyan masana'antu suna bukatar wutar da ba ta jiran fitowar rana. Na yarda da wannan, musamman ni da na ga ana ƙona gas ɗin a iska. Amma akwai lissafi ɗaya da ya tsaya mini a rai. Shirin 2022 ya ce ƙasar tana bukatar ƙarin kimanin dala biliyan 10 a kowace shekara kafin ta cimma burinta. A wannan shekara ta 2022, tallafin man fetur ya ci kimanin naira tiriliyan 4.4, wato kusan dala biliyan 10 ɗin nan. Kuɗin da muke roƙon duniya ta ba mu don mu rage dogaro da fetur, kwatankwacinsu muka kashe wajen sa fetur ya yi araha. Muddin lita tana da arha, wa zai kalli sola? Ashe manufar makamashi ta gaskiya tana rubuce a jikin famfon gidan mai.

Lissafin Mama

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin mai ya tafi. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, a watan Yuli ta haura 600, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa.

Mahaifiyata tana da firiza biyu a ɗan shagonta, da janareta mai shan lita biyar a yini idan ba a kawo wuta ba. Da naira 1,000 take cika masa ciki, sai ga shi yana neman 3,000, daga baya 5,000. Kifi kuwa ba ya jira, yini ɗaya babu sanyi an yi asarar jari. Da na je hutu na tarar ta kashe firiza ɗaya, ta rage sarin da take yi. Wata rana da yamma ta ajiye littafin bashinta a gabana ta ce, "Kai da kake jami'a, lissafa mini. Kuɗin man da nake ƙonawa a wata goma, ba zai sayi abin nan na rana ba?" Na ce, "Mama, zai saya, amma su a dunƙule suke son kuɗinsu." Ta ce, "To a nan gizo yake saƙar."

Gaskiya ta faɗa. Janareta yana da arhar saye da tsadar riƙo, sola kuwa tana da tsadar saye da arhar riƙo. Talaka yana iya fitar da dubu biyar kullum, amma ba shi da miliyan ɗaya a rana guda. Ga shi faɗuwar darajar naira tun daga watan Yuni na 2023 ta ƙara wa farantai da batura tsada, tunda yawancinsu daga waje ake shigo da su. Banki ma ba wurin zuwa ba ne, domin a ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, 'yan kasuwa kuwa abin da ake caje su ya fi haka. Abin da ya fitar da ita shi ne adashi. Ita da wasu mata tara na kasuwa suka riƙa zubi, duk wadda ta kwasa sai ta kafa farantai da batir. Da nata kwasan ya zo, ta haɗa da ɗan abin da ta tara, ta sa wa firiza ɗaya. Ba ta taɓa jin labarin manufar 2015 ba, amma ta aiwatar da wani yanki nata da kuɗin kifi.

Maƙwabcinmu mai aski bai yi irin wannan sa'a ba. Wani ya kafa masa nasa a farashi mai rahusa, ashe tsofaffin batura ne aka goge aka sake musu fenti. Ba su yi wata huɗu ba suka daina riƙe caji, wanda ya kafa kuma ya ɓace. Yanzu duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya ji huɗubar cewa sola damfara ce. Mutum ɗaya da aka cuta irin haka yana iya hana mutum ashirin saye.

Na ɗauka wannan sauyi a wajenmu kaɗai yake, sai da muka je Kano zaman ƙwarewa a harshe. A can na ga farantan sola a kan rumfunan masu cajin waya da shagunan magani da masallatan unguwa, na kuma ji manoman rani suna maganar sauya injin ban ruwa mai shan fetur da famfon sola. Na tambayi wani dattijo tela ko ya san gwamnati tana da manufa a kan irin wutar da yake ɗinki da ita. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan samari, wace manufa? Mu dai mun ga fetur ya fi ƙarfinmu, rana kuwa ba a bin layi a saye ta." Na ce, "Baba, da za a ba ku bashi mai sauƙi fa?" Ya ce, "Da ka ga kasuwar nan kaf ta koma."

Inda aka dace, da abin da ya rage

Adalci ne a faɗi inda aka yi abin kirki. Ƙa'idojin 2016 na ƙananan tashoshin wuta sun ba 'yan kasuwa damar kafa tashar sola a ƙauye su sayar wa mutanen garin kai tsaye, kamar wadda aka buɗe a Rokota ta Jihar Neja a watan Disamba na 2019. A watan Satumba na wannan shekara aka ƙaddamar da tashar megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, a ƙarƙashin wani shiri na jami'o'in tarayya wanda har Jami'ar Albarkatun Man Fetur ta Effurun, can jiharmu, tana cikinsa. A 2023 aka gyara tsarin mulki aka kuma yi sabuwar Dokar Lantarki, waɗanda suka ba jihohi ikon tafiyar da harkar wuta a cikin iyakokinsu, kuma a 2024 Inugu da Ekiti da Ondo suka zama na farko da suka karɓi wannan iko. A watan Disamba na 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin kai irin wannan wuta ga mutum miliyan 17.5. Mai karatu zai lura cewa ƙananan ayyukan da suke kusa da mai amfani da su sun fi saurin tabbata a kan manyan da suke jiran lamunin gwamnati.

Saboda haka, a nawa ɗan ganin, manufar ƙasa ta fara daga inda jama'a suka riga suka kai. Abu na farko shi ne bashi mai sauƙi da za a riƙa biya kaɗan-kaɗan, daidai da yadda ake sayen fetur kullum. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na adashi da na manoma sun san wanda yake biyan bashi da wanda ba ya biya fiye da kowane banki, don haka ta hannunsu ya kamata a bi. Na biyu shi ne tsaron inganci, tun daga tashar jiragen ruwa har zuwa shagon unguwa, da wurin kai ƙara idan an cuci mutum. Na uku, a horar da matasa masu kafawa da gyarawa a ba su shaida, domin mai saye ya bambance gwani da ɗan koyo. Akwai kuma maganar matattun batura. Yawancin masu araha dalma ce a cikinsu, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake haƙar zinariya. Idan ba a tsara yadda za a tattara tsofaffin batura ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wani abin kuma shi ne kada gwamnati ta yi gaggawa. A 2025 an yi ta maganar hana shigo da farantan sola don a ƙarfafa masu ƙera su a gida. Burin yana da kyau, amma in aka rufe ƙofa kafin masana'antun gida su iya wadatar da kasuwa, irin su mahaifiyata ne za su koma wa janareta.

Ina ruwan ɗalibin harshe?

Wataƙila wani ya ce, mu da muke fama da nahawu da adabi, me ya haɗa mu da megawat? Abin da ya haɗa mu shi ne, duk takardun nan da na lissafa da Turanci aka rubuta su, Turancin ma irin na ƙwararru. Mai kifi da tela da manomin rani, waɗanda su ne suke fitar da kuɗinsu su sayi kayan, ba da su ake magana ba. Manufar da ake kira ta ƙasa, alhali yawancin 'yan ƙasa ba za su iya faɗin abin da ta ƙunsa da harshensu ba, da sauranta.

Mun ga wahalar abin a darasin fassara. Malam ya ba mu sakin layi ɗaya daga irin waɗannan takardu, muka kwashe awa guda a kan kalma biyu. Wani ya ce "makamashi mai sabuntuwa", wata ta ce "makamashin da ba ya ƙarewa", wani kuma ya kawo "makamashi mai tsafta" kamar yadda ake ji a rediyo. Malam ya nuna mana cewa kowanne da abin da ya kama da abin da ya saki: itace yana sabuntuwa idan an dasa wani, amma hayaƙinsa ba tsafta ba ne. Ya ƙara da cewa ita kanta kalmar "makamashi" asalinta abin da wuta take kamawa ne, kamar itace da kara, ga shi yanzu muna so ta ɗauki rana da iska, waɗanda ba a ƙona su. Ni da na koyi Hausa da girmana, wannan ya burge ni ƙwarai, domin na ga yadda kalma take buɗa cikinta ta karɓi sabuwar ma'ana.

Jama'a dai ba su jira mu ba. Sun ari "sola" da "batir" da "inbata" sun sa su a bakinsu, kamar yadda iyayensu suka ari "lantarki" da "fetur". Har yau yara sukan yi ihun "Nepa!" idan an kawo wuta, ko da yake hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ta daina aiki da wannan suna tun 2005. Harshe yana riƙe abin da ya shiga rayuwar mutane, ya watsar da wanda bai shiga ba. Aikinmu shi ne mu bi bayan waɗannan kalmomi mu cike giɓin da ya rage. Yaya za a bayyana wa mai saye bambancin batirin dalma da na litiyam? Yaya za a gaya masa ma'anar takardar garanti, da abin da zai yi idan kaya sun lalace kafin wa'adi? Da wane suna za a kira ƙaramar tashar da take ba gari ɗaya wuta, yadda mai unguwa zai gane yarjejeniyar da zai sa wa hannu a madadin mutanensa? Da maƙwabcinmu mai aski ya taɓa jin shiri na minti goma a rediyo, da harshen da yake ji, a kan yadda ake gane tsohon batir, da wataƙila kuɗinsa suna aljihunsa.

Kammalawa

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai na wannan sashe da mu ɗauki wannan a matsayin aikinmu. Muna iya farawa da ɗan ƙaramin ƙamus na kalmomin makamashi, mu tattaro su daga bakin masu sayar da kayan sola da masu gyara a unguwannin Hausawa da ke kusa da mu, mu tace su tare da malamanmu. Masu neman batun kundin digiri suna iya fassara taƙaitaccen bayanin manufar 2015 ko Dokar Lantarki ta 2023, su gwada shi a kan 'yan kasuwa su ga ko an fahimta. Abokanmu na sashen Yarabanci da na Ibo su ma su yi nasu, haka masu jin Urhobo da Ijaw da sauran harsunan yankin da ake haƙo man, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shekarar 2030 da aka ɗiba wa burin megawat 30,000 ta kusa, 2060 kuwa yawancin waɗanda suka yi alƙawarinta ba za su gan ta ba, mu ne za a tambaya. Fetur zai ci gaba da ciyar da baitulmali na wani lokaci, kuma babu mai hankalin da zai ce a rufe rijiyoyi gobe. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Injiniyoyi su yi nasu, masu mulki su cika abin da suka rubuta, mu kuma mu kai maganar kunnen masu ita, tunda Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya ba mu ikon yi, ya kuma haskaka ƙasarmu, amin.